Ɗan Tafkin da Ya Shuka Ciyawa a Teku

Akwai wani ɗalibi ɗan ƙasar Malawi da ya taɓa zama a ƙauyenmu na Jambiani, sunansa Wongani Kamanga. Ku gyara zama, mabiya wannan shafi, yau labarinsa nake tafe da shi.

Wongani ɗan masunci ne daga Nkhata Bay, a bakin babban tafkin ƙasarsu. An ba shi gurbin digiri na biyu a makarantar nazarin teku da ke cikin gari, nan tsibirinmu na Unguja, shekara biyu cif ba ƙarin ko kwana ɗaya. Ya gama da aji, ya gama da ɗakin gwaji. Abu ɗaya ya rage masa: ya shuka ciyawar teku da hannunsa, wadda muke kira mwani, ya raine ta, ya girbe, ya auna, ya rubuta. In bai miƙa aikin ba kafin ƙarshen watan Yuni, gurbin ya tafi, zai koma gida hannu rabbana.

Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ba a ƙwace masa. Sai dai kewar gida ta ci shi ta cinye. Shinkafa da kwakwa, wake da kwakwa, har ganyen rogo da kwakwa, cikinsa ya yi wata uku yana ƙorafi kafin ya saduda. An yi bikin ƙanwarsa, a waya ya kalla, hoton yana tsayawa yana tafiya. In ya faɗa teku don ya huce zafi, gishiri ya cika masa ido, shi da ya saba nutso ido buɗe, in ƙishi ya kama shi ya kurɓi ruwan da yake iyo a ciki.

Da rana tsaka yakan zauna ƙarƙashin wata kwakwa a bakin gaɓa, ya lumshe ido rabi da rabi. A hankali tekun sai ya zama tafki. Duwatsu su tsiro daga nesa, shuɗi-shuɗi, kwale-kwalen babansa ya taho yana rangaji. Yakan ji warin ƙananan kifin usipa da aka shanya a kan gadajen kara, ya ji tabaryar mahaifiyarsa tana dakan rogon tuwo, gaggafa tana kuka a kan bishiya. Ya daɗe a can, wani lokacin har ya yi murmushi shi kaɗai.

Da ya buɗe ido kuma, sai ya tarar tekun ya tattara ya yi tafiyarsa, ya bar farin yashi da kududdufai har inda ido ya ƙure. Wannan abu yana ba shi haushi ƙwarai.

"Ruwan ƙasarmu ba ya yawo," yakan ce. "Inda ka bar shi jiya nan za ka same shi yau."

Malaminsa, Dakta Ngwali, shi ya kawo shi ƙauyen, ya damƙa shi a hannun Bi Mwatima. Tsohuwa ce siririya, baƙa, marar yawan magana, ta yi shekara talatin da wani abu tana noman mwani, kuma ita matan ƙauyen ke tambaya kafin su kafa turke.

"Duk abin da ta ce maka, ka rubuta," in ji Dakta Ngwali. "Ni ma a wurinta na koya."

Wongani ya ce to, amma to ɗin baki ce. A ransa cewa ya yi, mutumin da aka haifa a cikin kwale-kwale, wata tsohuwa ce za ta koya masa ruwa?

Rannan yana ta kewaya cikin ruwa zuwa ƙugu yana neman inda zai kafa gonarsa, can gefen wasu duwatsu inda ba gonar kowa. Sai ya ji wani sanyi ya ratsa tafin ƙafarsa. Ya tsaya. Yashi yana motsi a hankali tsakanin yatsunsa, ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasa. Idon ruwa ne, ruwan daɗi, a tsakiyar teku.

Bai san lokacin da ƙwalla ta cika masa ido ba. Sanyin nan ya san shi, sanyin tafki ne da sassafe. Ya tsaya nan har rana ta karkata, ƙafafunsa a gida, sauran jikinsa a Unguja.

Daga nan kuma ilimi ya zo ya taya son zuciya. Ai duk littattafan sun ce zafin ruwa ne ke kashe mwani, ga wuri mai sanyi Allah ya ba shi. Ya ɗebo ruwa daga sama ya ɗiga a na'urar auna gishiri, lamba ta fito daidai. Shi ke nan, ya yanke shawara.

Ranar da ya zo kafa turaku, Bi Mwatima ta biyo shi a hankali, zaninta ɗaure a ƙirji, rawanin tsumma a ka. Tare da ita akwai Mboja, wata maƙwabciyarta mai bakin tsiya, wadda ba ta barin kowa ya wuce lafiya.

"Ɗana, a nan za ka shuka?" in ji Bi Mwatima.

"A nan, Mama."

"Sunkuya ka ɗebo na ƙasa ka ɗanɗana."

Wongani ya ɗaga na'urarsa. "Na auna. Wannan ta fi harshe."

"Yaushe ka auna?"

"Ran Talata."

"Talata ruwa a kwance yake, bai cika ba bai janye ba. Bari wata ya cika, tekun ya tafi ya bar ɗan kaɗan, sannan ga ruwan masika na tafe, idon nan zai buɗe sosai. Mwani ba ta shan ruwan daɗi."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa yara. "Mama, ni a ruwan daɗi na girma. Ban taɓa ganin abin da ya kashe ba."

"To kai mwani ne?" in ji Mboja. "Likitan ciyawa, duk faɗin tekun nan ka ga mun bar wurin nan fili, ka ɗauka makanta ce ta hana mu ganinsa?"

"Ku kuna yi ne yadda kuka gada," ya ce. "Ni bincike na zo yi."

Wallahi maganar nan ba ta yi daɗi ba, ko ni da nake ba ku labarin har yau tana min ciwo. Bi Mwatima ta dube shi, ta dubi turakun, ta gyara masa guda ɗaya da ya karkace, ta juya ta tafi.

Sati biyun farko gonar ta yi kyau abin sha'awa. Igiya arba'in, kowace da lambarta, ciyawar ja-ja tana lilo a ƙarƙashin ruwa. Kullum yana can. Ya gama awonsa cikin rabin awa, sauran lokacin ya tsaya a kan idon ruwan ido lumshe, yana jin gaggafar da babu ita. Har ya tura wa mahaifiyarsa hoto, ta ce ita dai ba ta gane gonar da ba a yi mata kunya ba, amma Allah ya yi albarka.

Sai masika, wato babbar daminarmu, ta sauka. Kwana tara ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Daladala, motar hayarmu, ta daina zuwa a kan lokaci, takardunsa suka yi laushi, takalminsa ya yi funfuna. Da sama ta washe, wata ya cika, aka shiga bamvua, wato kwanakin da teku ke janyewa can nesa da hantsi. Wongani ya ɗauki sikelinsa ya nufi gona.

Tun daga nesa ya ga launin ya sauya. Ciyawar ta yi fari fat. Ya kama reshe ɗaya, ya narke a hannunsa kamar dafaffiyar taliya. Ya bi igiya ta biyu, ta goma, ta arba'in, duk haka. Ruwan bai wuce idon sawu ba, kuma sanyi ƙalau.

A nan ne ya sunkuya ya ɗebo a tafin hannu ya kai baki. Da ƙyar ya ji gishiri. In da a gida ne, da wannan ruwan za a iya dafa shayi.

Ya zauna daɓas a cikin ruwan, ya yi kuka irin na wanda ba shi da kowa a kusa.

Da ya kira Dakta Ngwali, malamin ya ce, "Sati takwas ya rage maka. Mwani tana son sati shida. In ba ka shuka a wannan bamvua ba, kada ka wahalar da kanka da ta gaba. Iri kuwa makaranta ba ta da wani, wurin matan nan yake."

Kwana biyu Wongani yana kewaya gidan Bi Mwatima bai shiga ba. Ya je ƙofa, ya ji muryar Mboja a ciki, ya wuce kamar mai neman shago. A rana ta uku ya ga in ya ƙara kwana ɗaya ruwa zai dawo, sai ya cire takalmi ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta da gaisuwar manya, abin da bai taɓa yi ba tun zuwansa.

"Mama, ta mutu."

"Na gani."

"Kin faɗa min, na yi miki rashin kunya. Ki yafe min."

Tana kankare kwakwa, ba ta ɗago ba. "Me ka gani a wurin nan har ka maƙale masa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ruwan gida ne, Mama. In na taka shi, sai in ji kamar mahaifiyata tana bayan duwatsun."

Sai a lokacin ta ajiye kwakwar. Ta dube shi sosai, tausayi ya kama ta. "Da ka faɗi haka tun farko, da na ce ka riƙa zuwa kana tsayawa abinka, gonar kuma mu kafa ta wani wuri. Ka ci abinci?"

"A'a."

"Mboja, zuba masa. Gobe da hantsi ka same mu a ruwa, kuma ka bar na'urar nan a ɗaki tukuna."

A wurinmu ba a ba mutum iri a hannu ya tafi. Wanda ke son iri sai ya zauna cikin sahun masu ɗauri, ya ɗaura na kowa, sannan kowa ta yanko masa daga igiyarta. Kuma aikin nan na mata ne, namiji ba ya zama. Washegari sai ga mai digiri zaune cikin ruwa, ƙafa a miƙe, igiya a cinya, mata goma sha ɗaya kewaye da shi. Masunta da ke wucewa suka tsaya kallo.

"Amarya, a kawo miki zani?" wani ya ce daga cikin kwale-kwale.

"Ku bar min ita, ban gama koya mata ɗauri ba," in ji Mboja. "Likita, wannan ƙullin naka ko kaza ba zai riƙe ba. Duk karatun nan ba a koya muku ƙulli?"

Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ya kwance ya sake, ya kwance ya sake, har yatsunsa suka yi fari suka tsattsage. Da rana ta yi tsaka ya fara dariya tare da su. Ya ce wa Mboja a ƙasarsu mace mai surutu irin nata ita ake sa wa gadin kifi, don ko tsuntsu ba ya sauka. Matan suka kwashe da dariya, Mboja ta watsa masa ruwa.

Bi Mwatima ta kai shi wani fili a tsakiyar gonakin, inda ruwa ke gudu a hankali kuma tudun yashi ya tare igiyar ruwa. Ta sa ya ɗanɗana, ta sa ya taka ƙasan, ta sa ya tsaya ya ji ta inda ruwan ke bugun ƙaurinsa.

"Nan za ka shuka."

"Gonar wa ce, Mama? Na ga ramukan turaku."

"Shuka dai. Tambayarka ta yi yawa."

Sati shidan nan su ne mafi daɗin zamansa a ƙasar. Ya koyi duba wata da magariba ya san ruwan gobe. Ya dawo da na'urarsa, amma yanzu sai ya ɗanɗana sannan ya auna, ya rubuta duka biyun. Yakan je idon ruwan jefi-jefi ya tsaya, duwatsun gida su taso, gaggafa ta yi kuka. Abin mamaki, wata rana yana lumshe da ido sai ya ga Bi Mwatima zaune a gindin turmin mahaifiyarsa, su biyun suna hira kamar sun saba, ko da yake ba wadda ke jin yaren 'yar'uwarta.

Ciyawar kuwa ta yi kauri, ta yi nauyi, har igiyoyin suka lanƙwasa.

Bamvua ta uku ta zo, saura kwana tara a rufe karɓar aiki. Da safe Bi Mwatima ta tsaya a gaɓa tana kallon kudu, ta daɗe.

"Iskar kusi na tafe," ta ce. "Kwana biyu muke da su, na uku ba namu ba ne."

Girbin ɗalibi ba irin na kowa ba ne. Ba a kwasa a zuba a buhu kawai. Kowace igiya sai an kwance ta daban, an ɗora a sikeli, an rubuta, an kai gaɓa an shanya da lambarta. Aikin da mutum ɗaya zai yi kwana shida yana yi. Sauran matan suka taya shi da safiyar farko, sannan kowa ta ruga tata gonar, ba wanda zai ga laifinsu. Bi Mwatima ita ta tsaya. Kwana biyu cur tana kwancewa, tana ɗauka a ka, tana riƙe masa sikeli yana karantawa.

"Mama, taki fa?"

"Karanta lambarka, hannuna ya gaji."

A rana ta uku ya hau daladala da buhunansa da littafinsa, iska tana kaɗa kwakwa kamar za ta tuge su. Ya shige ɗakin karatu a gari bai ƙara leƙo waje ba. Ya miƙa aikin ranar ƙarshe. Bayan sati uku ya tsaya gaban malamai ya kare shi, har da babin gonar da ta mutu, bai ɓoye komai ba. Suka ce ya ci, kuma da yabo.

Ya sayi tikitin jirgin ruwa zuwa Dar es Salaam na ranar Asabar, daga nan mota zuwa Mbeya, ya tsallaka iyaka, kwana uku ya ga tafki. Mahaifiyarsa ta ce ta riga ta jiƙa rogo. Ran Juma'a ya taho Jambiani sallama, da sabon zani a leda da sukari da ganyen shayi.

Bai sami Bi Mwatima a gida ba. Mboja ce ta nuna masa bakin gaɓa da haɓa. Can ya hango tsohuwar ita kaɗai, a sunkuye, tana bin layin da ruwa ya bari tana tsintar gutsattsarin ciyawa tana sakawa a ɗan buhu.

"Me take yi haka?"

Yau Mboja ba wasa a bakinta. "Filin da ka shuka nata ne, shekara talatin ba ta taɓa matsawa daga nan ba. Ranar da ka zo ka durƙusa, da yamma ta tuge turakunta ta mayar can bakin mashigar ruwa, inda ba mai yarda ya shuka. Kwana biyun da ya kamata ta kwashe, tana riƙe maka sikeli. Kusi ta zo ta tafi da komai, ciyawa da igiya da turaku. Ta ce duk wadda ta faɗa maka kafin ka gama jarrabawa, ba ita ba ita."

Wongani ya taka a hankali har inda take, ya tsaya a gefenta.

Ta ɗago, ta kare rana da hannu. "Ka ci jarrabawar?"

"Na ci, Mama."

"Alhamdulillahi." Ta ci gaba da tsintarta.

"Don me kika yi haka? Ni da na zage ki a gaban mutane."

"Ni ina da wata bamvua a gaba, in Allah ya kai mu. Kai ba ka da ita. Kuma wata mata tana can ta aiko ɗanta ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Da nawa ne a can, da haka zan so a yi masa."

Ya juya ya kalli tekun don kada ta ga fuskarsa. Shekara biyu yana ƙirga kwanakin komawa gida. Ya ciro waya ya kira Nkhata Bay, ya yi magana da yarensu a hankali, ya daɗe, yana yi yana share ido. Da ya gama ya naɗe ƙafar wandonsa, ya karɓi buhun daga hannunta.

"Yaushe ruwa zai janye sosai?"

"Laraba. Ba gobe jirginka zai tashi ba?"

"Ya tashi abinsa. Igiya sittin zan kafa miki, a filinki, kuma ba zan tafi ba sai na ga sun kama. Mahaifiyata ta ce in na taho na bar ki haka, kada in shigo mata gida."

Bi Mwatima ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Mboja, da ta biyo su a baya, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin hawayen matar nan ba sai ranar.

Da tsohuwar ta sauke mayafin, ta share fuska, ta dube shi sama da ƙasa.

"To ka je ka saro turaku," ta ce. "Masu kauri. Kuma ƙullin nan naka har yanzu da saura."

Darasi: Ilimin da ka ɗauko daga gida da wanda ka karanta a littafi ba su isa su sa ka raina mutanen da ka tarar a ƙasarsu ba. In ka je baƙon wuri, ka saurari na gaba da kai ko da bai taɓa shiga aji ba, in ka yi kuskure ka durƙusa ka nemi afuwa tun lokaci bai ƙure ba, in kuma an yi maka alheri kada ka wuce sai ka waiwaya ka ga abin da mai alherin ya rasa saboda kai. Ku tura wa duk wani ɗalibi da kuka sani yana karatu nesa da gida, da iyayen da ke jiran dawowarsa.